Mariri a Bayan Waya: Me Gandayen Texas Suka Ceto?

A shekarar 2000 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke fuskantar barazana ta sanar cewa mariri, dabbar nan mai dogon ƙaho lanƙwasasse kamar takobi, ya ƙare a dazukan Sahel. A daidai wannan lokaci dubbansa na kiwo a gandayen attajirai a jihar Texas ta Amurka, tare da ɗan'uwansa adaks da kuma mena, babbar barewar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Nijar ke amsa sunanta. Ƙidayar da ƙungiyar masu gandayen, Exotic Wildlife Association, ta yi a 2010 ta nuna mariri sama da 11,000 da adaks sama da 5,000. Masu gandayen suna kafa hujja da wannan adadi su ce su ne suka ceci dabbobin. Ni ina ganin sun ceci yawansu, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma ceton jinsi wani aiki ne daban da ba a kammala shi a bayan waya.

Ya kamata a fara ba su haƙƙinsu. Sana'ar a fili take: mai gandu yana kiwon garke, mafarauci ya biya dubban daloli ya harbe namiji guda don ya rataye ƙahonsa a bango, kuɗin kuma ya koma wajen ciyawa da ruwa da shinge. Abin na iya ɗaga wa mutum hankali, amma an ga abin da ya faru da aka taɓa shi. A 2005 hukumar kula da namun daji ta Amurka ta sa jinsunan uku cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, ta kuma keɓe na gandaye daga neman izini. Ƙungiyar Friends of Animals ta kai ƙara, kotu ta ba ta gaskiya a 2009, aka janye keɓewar a 2012. Masu gandaye da yawa suka fara rabuwa da garkunansu, domin dabbar da ba za ka iya sayarwa cikin sauƙi ba ta zama kaya a wuyanka. A 2014 majalisar dokokin Amurka ta mayar da keɓewar. Duk wanda ke son a haramta sana'ar sai ya faɗa mana wa zai ɗauki nauyin dubban dabbobin.

Sai dai buƙatar mai gandu da ta jinsin ba ɗaya ba ce. Mai gandu yana son ƙaho mai tsawo da dabba mai saurin haihuwa wadda ta saba da abincin buhu. Jinsin kuwa abin da yake buƙata shi ne bambancin ƙwayoyin gado, ga shi kuma akasarin maririn da ke hannun mutane sun samo asali ne daga 'yan gommai da aka kama a Chadi a shekarun 1960. Gidajen namun daji suna riƙe da littafin nasaba don kada a riƙa haɗa dangi na kusa; gandaye da yawa ba su damu da wannan ba. Wani bincike da aka buga a 2023 ya gano cewa garkunan da ba a lura da nasabarsu sun fi ɗauke da alamun barbarar dangi. Saboda haka dubu goma sha ɗaya a takarda ba ta kai dubu goma sha ɗaya a jini ba.

Inda aka ga ceto na gaske shi ne Chadi. A 2016 aka sako rukunin farko na mariri a gandun dajin Ouadi Rimé-Ouadi Achim, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Chadi da hukumar muhalli ta Abu Dhabi da Sahara Conservation Fund. An tattara garken ne a Abu Dhabi daga wurare daban-daban, har da Amurka, kuma ba zan hana Texas rabonta ba. Amma abin da ya sa aikin ya tsaya da ƙafafunsa shi ne fili mai faɗi, da masu gadi, da na'urorin bin sawu da aka ɗaura wa dabbobin a wuya, da fahimtar makiyayan da ke raba ciyawa da su. A Disamban 2023 IUCN ta cire mariri daga jerin waɗanda suka ƙare a daji.

Adaks bai samu wannan sa'a a Nijar ba. Yankin Termit da Tin Toumma, wanda aka mayar gandun daji a 2012, shi ne mafakarsa ta ƙarshe, amma wani bincike da aka yi a 2016 adaks uku kacal ya gani, bayan haƙar mai da farautar da ta biyo bayanta sun tarwatsa su. A 2019 gwamnati ta sake shata iyakar gandun ta fitar da wuraren da ake aikin mai. Kuɗin da mafarauta ke zubawa a Texas bai hana ko ɗaya daga cikin waɗannan faruwa ba, domin a Texas yake tsayawa.