Wa Ke Tsaron Ƙofar Fili? Tarihin Raba Ɗan Sha'awa da Ɗan Sana'a

Idan kaka ta yi, gero da dawa suka shiga rumbu, saurayi a gari irin Kwandiko, can ƙasar Gwaram, ba ya buƙatar takarda kafin ya shiga dandalin kokawa. Mai jin ƙarfi ya fito ya nuna wanda yake so, in wancan ya amsa, sai a kama. Babu rajista, babu awon nauyi, babu mai tambayar ko an taɓa biyansa a kan wasa. Wannan tambaya ta ƙarshe kuwa ita ta raba wasannin Turawa gida biyu fiye da shekara ɗari: 'yan sha'awa da 'yan sana'a. Wanda ya bi tarihinta zai ga cewa rigimar ta fi shafar mai tsaron ƙofa a kan kuɗin kansa.

A Ingila abin ya samo tushe. A ƙarshen shekarun 1870, masu shirya tseren kwale-kwale na Henley suka shar'anta cewa duk wanda ya taɓa cin abinci da aikin hannu, makaniki ne ko lebura, ba ɗan sha'awa ba ne, ko da bai taɓa karɓar ko anini a wasa ba. Manufar a fili take: kada ɗan talaka ya kayar da ɗan masu hali. Ba a janye sharaɗin ba sai a 1937. A 1895 wasan rugbi ya rabe biyu domin ƙungiyoyin arewacin ƙasar sun nemi a biya ma'aikata ladan ranakun da suka bar aiki don wasa. A 1913 aka ƙwace wa Jim Thorpe na Amurka zinare biyu da ya ci a gasar Olamfik ta 1912, saboda ya taɓa buga besbol a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai a 1982 aka maido masa da haƙƙinsa, shi kuwa ya rasu tun 1953.

Wasan bolin, inda ake mirgina ƙwallo mai nauyi a kayar da sanduna goma, shi ma ya yi tasa ƙofar: babbar ƙungiyarsa ta Amurka, wadda aka kafa a 1895, ta daɗe tana taƙaita zama mamba ga fararen fata maza, har zuwa 1950. Amma daga baya ya fito da tsarin da ya cancanci nazari. A gasannin 'yan sha'awa akan yi wa mai rauni ƙarin maki gwargwadon matsakaicin abin da ya saba ci, don ya iya karawa da wanda ya fi shi. Ƙungiyar ƙwararru ta PBA kuwa, da aka kafa a 1958, ba ta san wannan rangwame ba, kuma ta daɗe tana neman mai son shiga ya nuna matsakaicin maki 200 cikin 300 da ake iya ci. Wato ƙofar ta tashi daga asali ta koma kan shaidar iyawa, kuma akwai matakala daga ƙasa zuwa sama.

A ƙasar Hausa lissafin ya sha bamban. Dambe an san shi da mahauta, waɗanda ke yawo gari-gari bayan girbi, kalangu na tashi. Yayin da Ingila ke korar mai aikin hannu daga fili, a nan filin nasa ne, masu sarauta da malamai su ne suka tsaya daga gefe. Karɓar kyauta bai taɓa zama abin kunya ba. Kari da 'yan kallo ke yi shi ne shaidar bajinta, kamar yadda waƙar Ɗan Anace ta dawwamar da sunan Shago. Duk da haka akwai ƙofa. Yaro yana shiga ne ta hannun ubangida, shi ya sa ake jin Shagon wane da Autan wane, sannan ya tsaya a ɓangare: Kudu, Arewa ko Guramaɗa. Ubangida ne ke sanin wanda yaronsa zai iya tara da wanda ya fi ƙarfinsa.

Nijar ta mayar da irin wannan gado tsari. Tun 1975, lokacin Seyni Kountché, da aka fara gasar takobi a Tawa, Kantu na Maraɗi ya lashe, ake shiga kokawar ƙasa ta hanyar tankaɗe da rairaya. Yau kowace jiha cikin takwas tana aika 'yan kokawa goma. Ɗan ƙauye ya san inda zai fara da inda hanyar ta nufa.

A Najeriya saman ginin ne ke tashi da sauri. Gidajen dambe a Kano da Dei-Dei ta Abuja suna karɓar kuɗin ƙofa, ana sa mota a gasa, kamfanoni irin su African Warriors Fighting Championship da Dambe Warriors sun shigo da rukunin nauyi da ƙayyade lokacin turmi, suna kai wasan duniya ta intanet. Wannan ci gaba ne. Sai dai tsakanin dandalin ƙauye da waɗannan filaye akwai rami. Matashin da ya baro Gwaram ko Birnin Kudu da hannu mai nauyi, in bai dace da ubangida mai tausayi ba, yana iya samun kansa gaban wanda ya shekara goma yana kisa a fili, kuma jikinsa ne zai biya kuɗin makarantar.

Abin da ya rage wa hukumomin wasanni na jihohi irin Jigawa shi ne matakin farko: gasar sababbin shiga daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma, da awon nauyi, da duba lafiya, da littafin da ke riƙe tarihin kowane ɗan wasa. Da shi mai shirya gasa zai san wanda ya isa hawa, kafin a ɗaura masa zare.