Adar Ko Buza: Wane Suna Ya Cancanci Shiga Littafin Nasaba?

Wani mai karatu daga Kumasi, wanda kakansa ya bar ƙasar Deule yana saurayi ya bi ayarin fatake zuwa kurmi, ya aiko da tambaya a kan abin da ya tsayar da alƙalaminsa. A gefen tsohon Alƙur'anin da ya gada an rubuta da ajami cewa mai shi Ba'adare ne, alhali taswirar yau ta sa Deule cikin gundumar Buza ta jihar Tawa, har da rubutun Faransanci, Déoulé, Bouza, Tahoua. Wanne zai rubuta wa 'ya'yansa?

Jawabin yana buƙatar komawa baya, domin sunan Adar ya girmi kowace gunduma da ƙarnoni. A shekarar 1674 Muhammadu Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya karya rundunar Kabi ya karɓe wannan ƙasa ta duwatsu da kwaruruka daga hannunta, kuma bayan da aka tuɓe shi daga sarautar Agadas a 1721, nan ya dawo ya zauna, zuriyarsa suka gaji sarautar Adar, wadda ta tashi daga Birnin Adar ta ƙare a Illela. Ko a nan ma akwai tarko ga mai bincike, saboda akwai wata Illela a jihar Sakkwato daura da Birnin Ƙonni, kuma duk wanda ya rubuta sunan bai bambance ba ya jefa jikokinsa cikin shubuha.

Amma babban rikicin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na ranar 14 ga Yuni 1898. A wannan rana wakilan Ingila da Faransa, suna zaune a Paris, suka ɗora alƙalami a kan Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100 daga birnin, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne, abin da ke waje na Faransa. Da wannan zane Ƙonni da Madawa suka faɗa rabon Ingila a kan takarda, Tawa kuwa ta tsaya a rabon Faransa, alhali a lokacin babu Baturen Ingila ko ɗaya da ke mulki a Sakkwato, tun da sai a watan Maris na 1903 suka ci birnin. Faransawa ba su daɗe ba suka gane cewa hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi, suka dinga kuka har aka sake yarjejeniya a 1904 da 1906, aka tura iyaka kudu, sannan jami'an ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi ƙasa suna kafa alamu har zuwa 1908. Ashe ke nan jaririn da aka haifa a Madawa a 1900, bisa hukuncin taswira, ya zo duniya a ƙasar Ingila, ya yi wayo a ƙasar Faransa, ba tare da uwarsa ta sake ko da ɗaki ba.

Riwayoyi biyu ke jayayya a kan wannan zamani. Ta farko, wadda Ingila ta kafa hujjarta a kai, tana cewa ƙasar tana ƙarƙashin Sarkin Musulmi. Ta biyu, wadda ake ji a bakin dattawan ƙauyuka, tana cewa masu takobi da karɓar gaisuwa a wannan yanki Abzinawa ne, musamman Kel Geres, kuma su ne suka tari Faransawa a Zangebe da Galma a 1901. Ni dai zuciyata ta fi natsuwa da ta biyu, ba don rage darajar Sakkwato ba, wadda malaman Adar suka riƙa a matsayin alƙiblar ilimi, sai don wanda ya karɓi hatsin talaka ya kuma tsaya a fagen fama shi ya fi kusa da haƙiƙanin mulki. Djibo Hamani da Nicole Echard, waɗanda littattafansu a kan Adar suka fito a 1975, sun ba maganar dattawa matsayin hujja, kuma sun yi daidai.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Nasara ya yanka ƙasa kanto-kanto, bayan 'yancin kai na 1960 dokar 1964 ta mai da Tawa département, Madawa da Buza da Keita kuwa arrondissement, sannan a farkon wannan ƙarni kowanne ya hau mataki ɗaya. Saboda haka département na Tawa a takardar haihuwa ta 1970 yana iya nufin ɗan Buza, abin da ba ya nufi a yau.

Ga kuma wahalar da ba ta cikin kowace taswira. Yunwa irin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta tayar da garuruwa, wasu suka ɗauki sunan suka kafa shi a wani wuri, wasu kuma masu suna Gidan Wane suka sake suna da mutuwar mai gidan. Wanda ya je da ƙafarsa, wata tsohuwa za ta kai shi kufai, ta nuna masa bakin rijiyar da ta cike, da duwatsun kushewa, da ɓarɓashin tukwane a cikin gonar gero, ta ce nan ne garin na fari.

Hukuncina shi ne a fara da sunan da mutum ya san garinsa da shi, da lafazin mutanen wurin, domin canza shi tamkar canza matanin riwaya ne. Bayansa a kawo rubutun takardar hukuma harafi da harafi, saboda da shi kaɗai ake samun abu a ma'ajiyar tarihi ta Yamai. Sai a rufe da sunan yau, tare da shekarar da aka rubuta, da sunan wanda aka ji daga bakinsa, kamar yadda malaman hadisi ba su karɓar magana sai da isnadi. Musulunci ya umurce mu da sanin nasaba domin sada zumunci, kuma zumunci a ƙafa yake: sunan dā yana tabbatar da ko su wane ne dangi, na yau kuma shi za a faɗa wa direba a tasha.