Aiki Mai Lamba Ɗaya da Rigimar Wa Zai Fara Tashi

Da zarar an kunna kwamfutar da ke aiki da Unix ko Linux, aiki guda tak ginshiƙin tsarin yake tayarwa da kansa. Lambarsa 1, sunansa na asali init, kuma duk sauran ayyuka daga tsatsonsa suke fitowa. A Unix ɗin ɗakin binciken Bell da ke New Jersey a Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma aikin a 1969, nauyin da ke kansa bai taka kara ya karya ba. A bugu na bakwai na 1979, abin da yake yi shi ne ya karanta wani fayil na umarni mai suna /etc/rc daga sama har ƙasa, sannan ya buɗe wa masu shiga ƙofa. Mai son ƙara wata manhaja sai ya buɗe fayil ɗin ya saƙa layinsa inda ya ga dama.

Kamfanin AT&T ya sauya salo da System V a shekarun 1980. Aka kawo matakan tashi: 0 na kashewa, 1 na mai gyara shi kaɗai, 6 na sake kunnawa. Kowace manhajar hidima ta samu nata fayil, aka kuma liƙa wa sunayen harafi da lamba, S na tayarwa, K na tsayarwa. Linux ya gaji wannan tsari ta hannun Miquel van Smoorenburg, wanda ya rubuta sysvinit. Duk wanda ya riƙe kwamfutocin Red Hat a wancan zamani ya san S10network da S55sshd: sai hanyar sadarwa ta tashi kafin manhajar shiga daga nesa, don kawai 10 ta riga 55. Kamar katin layi ne a asibiti, lamba ce ke magana, ba wanda ya tambayi dalili. In wata manhaja ta tsaya jiran amsa, duk na bayanta sai su yi cirko-cirko.

Mutanen NetBSD suka ga beiken hakan. A bugu na 1.5 na shekarar 2000, wanda Luke Mewburn ya yi wa aikin, kowane fayil ya koma faɗin abin da yake bayarwa da abin da yake buƙata, wata 'yar manhaja mai suna rcorder ta riƙa fitar da jeri. Wasu ma suka kawo nasu madadin: a 2005 Apple ya fito da launchd, kamfanin Sun ya saka SMF a Solaris 10, a 2006 kuma Ubuntu 6.10 ya zo da Upstart na Scott James Remnant.

Jeri dai rabin matsalar ne. Ɗaya rabin, wanda ya fi sa masu kula da kwamfutoci ciwon kai, shi ne iyaka. Tun zamanin 4.2BSD na Jami'ar Kaliforniya a Berkeley, a 1983, akwai hanyar ƙayyade wa aiki yawan ma'adana da lokacin da zai ci, daga baya aka haɗa da yawan fayilolin da zai buɗe a lokaci guda. Ƙa'idar ita ce ɗa yana gadon iyakar wanda ya tayar da shi. A Linux an saba iyakar fayiloli 1024 ce, kuma kowace hulɗa da baƙo ta intanet fayil guda ake lissafa ta. Rumbun bayanai mai cunkoso yakan cinye wannan kafin a ankara, ya soma kukan fayiloli sun yi yawa. Sai mai kula ya garzaya ya ɗaga lambar a limits.conf, ya tayar da manhajar da hannunsa, komai ya daidaita. Ranar da aka sake kunna na'urar, kuka ya dawo. Dalilin kuwa, wancan fayil sai lokacin da mutum ya shiga da sunansa ake aiki da shi, ita kuwa manhajar da ta tashi tare da na'ura daga init ta yi gado, shi ko bai taɓa leƙa fayil ɗin ba.

Ga kuma wata dabara ta manhajojin hidima: sukan haifi ɗa, uwar ta mutu, ɗan ya ci gaba a ɓoye, har init ya kasa tantance na wane ne. Maganin ya ɓullo daga Google, inda Paul Menage da Rohit Seth suka soma aiki a 2006 kan hanyar ɗaure ayyuka rukuni-rukuni. An shigar da ita Linux 2.6.24 a farkon 2008 da sunan cgroups. Da ita ana iya yanka wa rukuni gaba ɗaya rabonsa, kuma ɗa ba ya sulalewa daga rukunin uwarsa.

Lennart Poettering, ma'aikacin Red Hat a lokacin, da Kay Sievers su suka haɗa igiyoyin biyu a systemd a 2010. Tunaninsu mai sauƙi ne: tunda aiki mai lamba 1 shi ke tayar da kowa, to shi ya kamata ya san jeri, ya yanka iyaka, ya kuma bi sawun kowa. Fayil guda na 'yan layuka ya maye gurbin dogon rubutun umarni, After= na faɗin bayan wa za a tashi, LimitNOFILE= na faɗin fayiloli nawa. Suka kuma ari dabarar launchd ta buɗe ƙofofin sadarwa tun farko, don manhajoji su tashi lokaci guda. Fedora 15 ya karɓe shi a 2011.

Nan fa aka ja daga. Masu suka suka ce iko ya taru a hannu ɗaya, saɓanin al'adar Unix ta ƙananan manhajoji masu aiki ɗai-ɗai, kuma maganarsu ba ta rasa tushe ba, ko da yake gadon iyaka ne tun asali ya tura ikon can. A Fabrairun 2014 kwamitin fasaha na Debian ya rabu huɗu da huɗu tsakanin systemd da Upstart, shugabansa Bdale Garbee ya raba gardama da ƙuri'arsa, ya zaɓi systemd. Ubuntu ya bi sahu a bugu na 15.04, waɗanda suka ƙi kuma suka ɓalle suka kafa Devuan, wanda bugunsa na farko ya fito a 2017.

Lambar 1024 kuwa ba ta gushe ba. A ƙarshen 2018 systemd 240 ya ɗaga ƙololuwar da aiki zai iya nema zuwa 524288, amma ya bar ta farawa a 1024, saboda tsofaffin manhajojin da ke amfani da select, wanda ba ya iya riƙe lambar fayil da ta haura 1023.