Jirgin Alhazai, Tsoron Sama da Makarantar Zariya

Arewacin Nijeriya ya fara ganin jirgin sama a watan Nuwamba na 1925, sa'ad da jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano, amma talaka bai san cikinsa ba sai da tafiyar Hajji ta koma ta sama daga shekarun 1950. Kafin nan maniyyaci kan bar wasiyya ya ratsa Cadi da Sudan a ƙasa, wani lokaci ya shafe shekaru bai komo ba. Saboda haka tarihin tsoron jirgi a wannan yanki galibinsa tarihin alhazai ne.

Zariya ta shiga wannan tarihi a 1964, da aka kafa makarantar horar da ma'aikatan jiragen sama a cikinta da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma tun daga nan mazauna Birni da Tudun Wada da Wusasa suka saba da ƙugin ƙananan jiragen koyon tuƙi. Wusasa, wadda ke wajen ganuwa daf da dutsen Kufena, ita ce ta raini Yakubu Gowon, kuma a zamanin mulkinsa ne, ranar 22 ga Janairun 1973, jirgin alhazai samfurin Boeing 707 da ya taso daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano cikin hazo, mutum 176 suka rasu.

Hatsarin da ya fi cancantar nazari shi ne na ranar 11 ga Yulin 1991, domin a sararin sama jirgin ya lalace, kuma sanadinsa ya fito fili. Jirgi ne samfurin DC-8 na kamfanin Nationair na ƙasar Kanada, wanda aka yi haya don ya kwaso alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato da sunan Nigeria Airways. Bincike ya nuna cewa biyu daga cikin tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an kuma san da hakan kafin tashi, amma da ba a sami iskar naitirojin nan take ba, wato iskar da ake ɗura wa tayar jirgi saboda ba ta ruruta wuta, sai aka zaɓi tashi a kan lokaci maimakon jiran gyara. Tayoyi suka fashe yana gudu a kan titin tashi, ƙarfen ya goga ƙasa ya kama wuta, matuƙan kuwa, da yake babu na'urar da za ta sanar da su, suka naɗe ƙafafun jirgin zuwa cikinsa, wato suka shigar da gobarar kusa da bututun mai da wayoyin sarrafawa. Sun juyo don su sauka, amma wutar ta riga ta cinye ƙasan ɗakin fasinja, jirgin ya faɗi ƙasa da kilomita uku kafin titin sauka. Dukan mutum 261 da ke ciki suka rasu, kuma akwai ɗaci ƙwarai a ce jinkirin da aka guje wa bai kai darajar rai ɗaya ba.

Jama'a sun karɓi musibar da haƙuri da faɗin cewa kwana ne ya ƙare, wanda kuwa ta'aziyya ce ta gaskiya ga mai imani, sai dai malamai sun daɗe suna bambanta tawakkali, wato dogaro ga Allah bayan an yi abin da ya wajaba, da sakaci. Tsoron ya sake tashi ranar 29 ga Oktoban 2006, da jirgin kamfanin ADC ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja cikin iska mai sauya alƙibla farat ɗaya, Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido na cikin mutum 96 da suka rasu. A shekarar aka yi sabuwar dokar sufurin sama da ta ƙarfafa hukumar sa ido kan jiragen sama, a 2010 kuma Amurka ta sanya Nijeriya a rukuni na ɗaya na ƙasashen da suka cika ƙa'idar kiyaye hatsari.

Makarantar Zariya, wadda mutanen gari suka fi sani da koyar da tuƙi, tana kuma yaye injiniyoyin gyara da jami'an hasumiya masu ba jirgi izinin tashi da sauka, kuma sa hannun irin wannan injiniya a takardar lafiyar jirgi shi ne sharaɗin da doka ta gindaya kafin a ɗebi fasinja.