Injin matsi mai araha: abin da ya kamata a sani kafin sauya boris ɗin mota a gida

Injin matsi, wanda makanikan ƙasashen da ake Faransanci ke kira fires, firam ne na ƙarfe da aka ɗora wa jak mai aiki da ƙarfin mai. Da shi ake fitar da boris ko rulma daga mazauninsa a ƙafar mota, a kuma cusa sabo ba tare da guduma ba. Wani Baturen Ingila, Joseph Bramah, shi ya yi rajistar ƙirar irin wannan inji a 1795, bisa ƙa'idar da Blaise Pascal na Faransa ya bayyana: matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana isa ko'ina daidai wa daida. Shi ya sa hannu ɗaya kan iya tura nauyin tan da yawa.

Masu araha da ake samu a kasuwa galibi ƙirar Sin ne, na tan 6, 12 ko 20. Wasu makanikan kuma mai walda ke haɗa musu firam, su ɗora jak ɗin babbar mota. Na tan 6 yakan gaza. Na tan 12 yana isa ga yawancin ƙananan motoci, amma motocin hannu da ke shigowa daga Turai ta Kwatano, Lome ko Duwala sukan zo da tsatsar gishirin da ake barbaɗawa a titunan can lokacin sanyi, kuma boris ɗin da ya ci tsatsa kan buƙaci na tan 20.

Ba kowace ƙafa ke buƙatar injin ba. A motoci da dama, boris da kan da ake ɗaura taya a jikinsa haɗe suke, kusoshi kawai ake kwancewa. Wanda ake matsawa shi ne irin na ƙafar gaba ta Toyota Corolla ko Golf 3. Alamar mutuwarsa gurnani ne da ke ƙaruwa da gudu, yana kuma sauya murya idan an karya kwana.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen saka sabon. Boris zobe biyu ne, na waje da na ciki, da ƙwallayen ƙarfe a tsakani. Idan ana cusa shi cikin mazauninsa, a kan zoben waje kaɗai ake matsawa. Idan aka zo cusa kan tayar a cikinsa, sai a tokare zoben ciki daga ƙasa. Wanda ya saɓa wannan ya bi da ƙarfin ta kan ƙwallayen, su kuma su lotsa hanyar da suke bi. Ido ba ya ganin lotsawar, amma ba da jimawa ba gurnanin zai dawo, mai mota ya zargi mai sayar da kaya da ba shi jabu. Tsohon zoben waje, idan an ɗan goge gefensa don kada ya maƙale, yakan yi daidai a matsayin abin turawa.

Kafin fitar da tsohon a duba zoben kulle da ke riƙe shi a cire, domin matsa boris a kansa na iya tsaga mazaunin. Rabin zoben ciki kan liƙe a jikin kan tayar, sai an janye shi da abin ja ko an tsaga shi a hankali da injin yankan ƙarfe. A motoci masu birkin ABS kuwa, wasu boris suna da maganaɗisu a fuska ɗaya, wadda dole ta kalli na'urar da ke karanta juyin taya. Idan aka juya shi, fitilar ABS za ta kunnu, kuma fitar da shi na nufin sayen wani.

Haɗarin injin mai araha yana cikin farantan da ake ɗora aiki a kansu. Sau da yawa na ƙarfen zubi ne, wanda ba ya lanƙwasawa, sai dai ya fashe ya watsa gutsattsari. Masu amfani da shi kan maye su da farantan ƙarfe mai kauri tun ranar farko. Tabarau na kariya wajibi ne, haka ma tsayawa a gefe. Idan abu ya karkace ko firam ya fara lanƙwasa, a saki jak a sake daidaitawa, kada a ƙara ƙarfi.

Bayan an mayar da komai, babban notin tsakiya ne ke daidaita boris ɗin. A motoci da yawa awonsa ya haura Nm 200, don haka da sifana mai awo ake ɗaure shi, kuma ba a tura motar kafin a ɗaure. Sai a kai ta a duba saitin ƙafa.

Ga mai mota ɗaya da ke cikin gari, ya fi sauƙi ya kwance mazaunin a gida ya kai gareji a matsa masa. Injin yana biyan kuɗinsa ne ga mai tasi biyu ko uku, ko wanda ke zaune nesa da gareji mai kayan aiki.