Haruffa biyu a jikin injin Triumph

Duk mai neman sanin shekarun tsohon babur, tanki yake fara dubawa, domin shi ne ke ɗauke da fenti da tambarin kamfani. Amma tanki ba abin dogaro ba ne. Yana tsatsa, yana lotsewa, a cire shi a ɗora na wani babur. Masu gyaran tsofaffin baburan Ingila sun fi yarda da lambar da aka buga a gefen hagu na inji, ƙasan silinda, da takwararta da ke jikin firam.

Kamfanin Triumph ya koma Meriden a 1942, bayan jiragen Jamus sun rushe masana'antarsa ta Coventry a Nuwamban 1940. Shekara da shekaru lambobinsa jeri ne kawai: sai mutum ya samu kundin kamfani kafin ya san lokacin da aka ƙera babur. Ko da aka fara sa harafi a gaba, kamar H ga ƙananan injina daga 1957 da DU ga masu 650cc daga 1963, nau'in injin yake nunawa, ba wata ko shekara ba.

Da baburan 1969 aka sauya tsari, kuma kamfanin BSA na Birmingham, wanda ya sayi Triumph tun 1951, shi ma ya bi tsarin. Haruffa biyu ne a gaban lamba, na farko wata, na biyu shekara. A shi ne Janairu, B Fabrairu, har zuwa E na Mayu. Daga nan aka tsallake F, Yuni ya zama G, Yuli H, Agusta J, Satumba K, Oktoba N, Nuwamba P, Disamba X. An bar irin su I da O, waɗanda in an buga su a ƙarfe suna kama da ɗaya da sifili. Waɗannan haruffan ne kuma ake ƙirga shekara da su: C 1969, D 1970, E 1971, G 1972.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne shekarar kamfani ba ta farawa a Janairu. A wancan zamanin, wajen watan Agusta ake fara fitar da samfurin shekara mai zuwa. Saboda haka babur mai KD an ƙera shi ne a Satumban 1969, alhali samfurin 1970 ne, ya ma girmi mai AD, wanda ya fito a Janairun 1970. Wanda bai san wannan ba zai iya zargin mai sayarwa da ƙarya ba da hakkinsa ba, ko ya sayo kayan gyaran da ba za su shiga ba.

Da baburan 1969 ne kuma aka fara zana ƙananan tambarin Triumph a filin da ake buga lambar inji, ta yadda in ɓarawo ya goge ya sake bugawa, wurin zai tona masa asiri. A ganina wannan dabara ta fi haruffan kansu amfani ga mai saye a yau, ganin yadda kuɗin Triumph Bonneville na asali ya sa ake haɗa inji da firam ɗin da ba tare suka fito ba.

Masana'antar Meriden ta rufe a 1983. Kundayen da aka rubuta ranar fitar kowane babur da dillalin da aka aika wa suna hannun ƙungiyar Vintage Motor Cycle Club a garin Burton upon Trent, kuma can ake komawa in gardama ta tashi kan wata lamba.