Buɗaɗɗiyar mota da zamanin da shugaba ke yarda a gan shi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda datarsu ba ta isa sauraro ba. Yau hirar mota za mu yi, amma ku biyo ni a hankali, akwai tarihi a cikinta.

Ni ɗan Illela ne, kuma duk wanda ya tashi a garin nan ya san mota ko da bai taɓa riƙe sitiyari ba. Kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, motocin Kwatano kullum suna ratsowa ta Ƙonni, su bi ta gabanmu su nufi Sakkwato. Mun ga iri-iri har mun daina ɗaga kai. Amma akwai guda ɗaya da har yau ban manta ba.

Tsohuwar Marsandi ce, ƙirar SL, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1971 da 1989. Launin madara, kujerun fata, rufinta na yadi an naɗe shi baya. An tsaya da ita a garejin wani bakanike ana duba ta, sai ga mutane sun kewaye ta kamar ana rabon zakka. Ni kuwa da rawar kan ƙuruciya na ce, to mene ne amfanin mota ba rufi a wannan rana tamu, ga ƙurar hunturu? Wani dattijo, tsohon direba, ya dube ni ya ce: “Ɗana, wagga mota ba don inuwa anka yi ta ba. Don a ga na ciki anka yi ta.” Na ce, “Baba, a gan shi a yi masa me?” Ya yi dariya kawai ya wuce. Na daɗe kafin na gane abin da yake nufi.

Ku tuna yadda sarauta take a ƙasar Hausa tun kafin mota. Ranar hawan sallah sarki yana bisa doki, laima a kansa, talaka na ganinsa ido da ido, yana jinjina, sarki na amsawa. Da mota ta zo, sarakuna ba su ƙi ta ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, yana cikin na farko-farko da suka mallaki mota a Arewa. Sai dai mota mai rufi tana ɓoye mai ita. Buɗaɗɗiya ce kaɗai ta iya gadon doki.

Shi ya sa in ana maganar irin wannan mota a Arewa, da yawa Kano suke tunawa. Fadar Kano na da tsohuwar Rolls-Royce buɗaɗɗiya, launin sararin sama, wadda marigayi Sarki Ado Bayero kan fita da ita. Mai ɗaukar hoton nan George Osodi, wanda ya zagaya yana ɗaukar sarakunan Najeriya, ya ɗauke shi a cikinta, dogarai da jajayen kayansu sun kewaye shi. In ka kalli hoton da kyau, ba kuɗin motar ne zai fara kama ka ba. Abin da zai kama ka shi ne babu gilashi tsakanin sarki da jama'a.

To me ya kashe wannan yayi? Harsashi. Ranar 28 ga Yuni 1914, a cikin buɗaɗɗiyar mota aka harbe Yarima Franz Ferdinand na Ostiriya a Sarajevo, kisan da ya kunna wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ranar 22 ga Nuwamba 1963, a cikin buɗaɗɗiyar Lincoln aka harbe Shugaba Kennedy na Amurka a Dallas. Abin mamaki, ba a jefar da motar ba. An gyara ta, aka yi mata sulke da rufi na dindindin, shugabanni suka ci gaba da hawa har 1977. Yanzu tana gidan tarihin Henry Ford a jihar Michigan. Mota ɗaya, amma zamani biyu take nunawa: kafin tsoro da bayan tsoro.

Mu ma muna da tamu. Janar Murtala Muhammad yana yawo a Legas ba jiniya, ba ayarin sojoji. Ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka buɗe wa baƙar Marsandinsa wuta a cikin cunkoson motoci a Ikoyi. Ita tana da rufi, sulke ne ba ta da shi. Har yanzu tana gidan tarihi na ƙasa a Legas da hujojin harsashi a jikinta. Shi kansa Sarki Ado, bayan kusan shekara 50 a kan gado, an kai wa ayarinsa hari a Kano ranar 19 ga Janairu 2013, direbansa da wasu dogarai suka rasu.

Kada ku ce na ce da can kowane shugaba adali ne. A'a. Buɗaɗɗiyar mota ma nuna isa ce, kuma talakan da ke jinjina a gefen hanya bai taɓa sa ran zai hau ta ba. Amma aƙalla ya san fuskar mai mulkinsa. Yau fa? Ayari zai wuce ta hanyar Sakkwato zuwa Illela, baƙin gilashi, jiniya, ƙura, ba ka san wa ke ciki ba. Mu da ke gabashin Sakkwato, da 'yan bindiga suka sa muke lissafin lokaci kafin mu kama hanya, mun san tsoron nan ba na manya kaɗai ba ne. Bambancin kawai, su suna da sulke.

Ina jin wannan ne ya tara mutane a garejin nan. Kyan motar na nan, ba musu, ga kuma mamakin yadda ta kai waɗannan shekaru lafiya. A wajenmu busasshiyar iska na rage tsatsa, amma rana na fasa fata, ta ƙone fenti, ta busar da roba. Duk tsohuwar motar da ka gani tana sheƙi, to akwai wanda ya daure ya ajiye ta a inuwa, yana tada injin lokaci-lokaci, ya kuma ƙi sayar wa 'yan gwangwan.

Wannan ne roƙona gare ku, matasa. In akwai tsohuwar mota a gidanku, ko Fijo 504 ce ta kakanku, kafin a auna ta a sikeli ku ɗauki hotonta, ku zauna da dattawa su faɗa muku wa ya saye ta, a wace shekara, ina da ina ta je. Ni dattijon nan ya rasu ban koma na tambaye shi su wa ya tuƙa a zamaninsa ba, kuma abin na damuna har yau.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.